Kwankwaso da mara: littafin aikinmu da matan adashe a Birni

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Mun fara yau bayan La'asar a tsakar gidan Inna a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda matan adashensu ke haɗuwa kowace Asabar su yi zubi. Aikina gyaran jiki ne ta hanyar motsa gaɓoɓi, kine kamar yadda ake ce mana a nan Damagaram, kuma tun da na kama aiki ban taɓa shiga gidan nan ranar zubi ban ji "ɗiyata, zo ki duba mini kwankwason nan" ba. Shawarar da ake bayarwa a tsaye da takalmi a ƙafa ba ta warkar da kowa, shi ya sa na ce mu zauna mu yi abin a tsare. Sharaɗi biyu na kafa: ciwon ya wuce wata 3 yana damun mace, kuma ta yarda za ta riƙe atisayen tsokar ƙasan mara wata 3 cur kafin ta ce ya yi ko bai yi ba.

Ban koyar da komai ba yau, tambayoyi kawai na yi, ɗaya bayan ɗaya a ɗakin Inna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai da ta jawo shi. Ragowar ne ke hana mai irin aikina barci. Don haka kowace sai da na tambaye ta ko tana zazzaɓi, ko tana ramewa ba dalili, ko ciwon yana tashe ta cikin dare tana kwance shiru, ko ƙafa tana mutuwa, ko tsakanin cinyoyinta ya dushe kamar ba jikinta ba, ko fitsari yana ƙin fita, ko bayan gida yana zuwa ba ta sani ba. Waɗannan na ƙarshe ba a kwana da su a gida. Gwaggo ta amsa e ga zazzaɓin dare da rama da ciwon da ba ya sakin ta ko a kwance. Na rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, na ce ba ta ba atisaye sai likita ya gan ta.

Ma'auninmu tsakuwa 10 ne a kan faifai. Mace ta ɗebi gwargwadon ciwon da ta ji a satin, ni in rubuta. Sannan kowace ta zaɓi aiki ɗaya da ciwon ya raba ta da shi: wata ruku'u a tsaye, wata wanki, wata goyon jika, wata daka.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ko fitsari yana ɗan zubowa in an yi tari ko atishawa ko an ɗaga bido, wato jarkar ruwa. A cikin ɗaki kusan kowa ta ce a'a. Da muka fito tsakar gida Inna ta dube su ta ce, "Ku gaya wa yarinya gaskiya mana, ai mun san masu canza zane kafin Magariba." Aka yi dariya, hannuwa suka fara tashi, fiye da rabi. Wannan ba yoyon fitsari ba ne irin wanda doguwar naƙuda ke jawowa, mai zuba dare da rana, wanda sai aiki a asibiti ke gyara shi. Wannan ɗigo ne na lokacin yunƙuri. Dalilin da ya sa na nace a kansa: masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun duba bayanan mata sama da 38,000, suka wallafa a 2006 cewa matsalar riƙe fitsari da ta numfashi sun fi ƙiba da rashin motsa jiki alaƙa da ciwon baya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Darasin farko. Na zo da gorar roba babu ruwa a ciki, na murɗe murfinta tam, na ba Hajiya ta matsa da hannu biyu. Ta ƙi lotsawa. Na cire murfin, ta matsa, gora ta murƙushe. Haka cikin mutum yake a rufe ta ko'ina: a sama akwai faffaɗar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki, a zagaye akwai tsokar ciki ta can ƙasa wadda ta ɗaure shi kamar ɗamara, a baya akwai ƙananan tsokoki da ke manne da ƙashin baya, a ƙasa kuma akwai shimfiɗar tsoka daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindi, mai tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. In ƙasan nan ya saki, matsin da ke taimakon ƙashin baya lokacin ɗaukar kaya yana raguwa. Tun 1996 Paul Hodges da Carolyn Richardson suka nuna cewa mai lafiyar baya tsokar cikinsa ta can ƙasa tana kamawa tun kafin ya ɗaga hannu, mai ciwon baya kuwa tasa tana makara. Daga baya aka nuna tsokar ƙasan mara da ta cikin tare suke kamawa.

Atisayen kansa tsoho ne. Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, ya yi rubutu a kansa a 1948, don matan da fitsari ke kuɓuce musu bayan haihuwa. Kai shi ga ciwon baya ne sabon abu.

Umarnin da na ba su: ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki yi kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, sannan ki ja abin sama zuwa ciki. Kada ki matse ɗuwawu, kada ki haɗe cinyoyi, kada ki riƙe numfashi. Faɗi da baki sauƙi. Da na zagaya ina ɗora hannu a kan mara, sai na ga da yawa nishi suke yi. Macen da ta haifi bakwai ko takwas jikinta ya san hanya ɗaya ce a wurin nan, wato turawa ƙasa, kuma da ka ce "yi ƙarfi" sai jijiyar wuya ta tashi, ciki ya kumburo, numfashi ya tsaya. Wannan ba na matan Birni ba ne kaɗai. A wani bincike na 1991 a Amurka, bayan an yi wa mata bayani da baki, kusan rabi ne kawai suka yi daidai, ɗaya cikin huɗu kuma suka yi ta hanyar da za ta iya ƙara musu matsalar. Na hana kowa yi a gida sai na duba ta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yinin yau duk a ɗaki ya ƙare, mace ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in sa ta ƙirga da ƙarfi tana matsewa. Wadda ke nishi ba ta iya ƙirgawa, murya sai ta shaƙe a kan "biyu". Na biyu, ta zauna a kan naɗaɗɗen tawul a kujerar katako: in ta yi daidai za ta ji jikinta ya ɗan ɗaga daga tawul ɗin, in nishi ne za ta ji ya ƙara dannawa. Wata ta ce ita ta ji an ce a tsayar da fitsari a tsakiyarsa. Na ce sau ɗaya don gane wurin ba laifi, amma kada ya zama atisaye, domin yana hana mafitsara ta juye duka.

Tsarin gida: matsewa 8, sau 3 a yini. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ƙa'idar jinya ta Ingila ta tsara ga masu ɗigon fitsari, na tsawon wata 3 aƙalla, kuma da shi na fara. Kowace matsewa a riƙe ta ƙirga 3, a saki ƙirga 6, a ƙara a hankali har a kai ƙirga 10. Bayan su a yi gajeru masu sauri, kama saki kama saki. Babu mai agogo a hannu, babu mai lokacin kanta, don haka na ɗaura shi a kan abin da ba a mantawa: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i, idan an sallame an gama zikiri, tun ba a naɗe darduma ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Labari ya zagaya unguwa cewa kayan mata nake koyarwa ba tare da an sha komai ba. Amare biyu sun yi sallama yau suna tambayar nawa ake biya. Bayansu lafiya lau. Na koya musu duk da haka, zai yi musu amfani bayan haihuwa, amma ban sa su a littafi ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Sakamakon Gwaggo ya fito: tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. An ɗora ta a kan magani na watanni masu yawa. Ta yi shekara tana shafa man zafi, wanzami ya yi mata ƙaho, an ce mata sanyi ne. Ba ta tari, shi ya sa ba wanda ya kawo tarin fuka a ransa, alhali ƙwayar cutar tana iya barin huhu ta zauna a ƙashi ta ci shi a hankali har baya ya doro ko ƙafafu su mutu. Na karanta wa matan alamomin nan kuma a gaban kowa, don su kai gidajensu.

Sauran sun kai ƙirga 5 ko 6 a kwance. Mun koma yi a zaune.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya sauko da ƙurarsa, rabin tsakar gidan tari suke. Ga mai ɗigon fitsari wannan ne lokaci mafi wuya a shekara, ga ni kuma dama ce, don na samu abin koyarwa a gabana. Dabarar ita ce a riga tarin: da kin ji yana tasowa ki matse ki ɗaga, ki yi tarin, sannan ki saki. Wata mai tuwon sayarwa ta gwada nan take, ta yi tari uku masu ƙarfi, ta yi shiru tana sauraren jikinta, ta ce, "Wallahi ɗiyata bai zo ba." A nan ne na ga fuskokin da ke zuwa don kunyar Inna sun canza. Ciwon baya sun saba da shi, sun ɗauke shi rabon mai haihuwa. Abin da ke cin ransu shi ne alwalar da ke warwarewa a ruku'u, da zanen da ake wankewa a ɓoye, da gidan biki da ake ƙin zuwa.

Daga nan muka fita bakin randa. Kowa ya san ruwan garin nan: famfo ya zo tsakar dare ko ya yi kwanaki bai zo ba, ɗan garuwa ya sauke a ƙofar gida, mace ce mai shigarwa. Bido mai lita 25 nauyinsa kilo 25 ne, ban da robar. Na sa kowace ta ɗaga yadda ta saba. Kusan duk iri ɗaya: ƙafafu a miƙe, a sunkuya daga kwankwaso, bido yana nesa da jiki, a riƙe numfashi, a fizgo da hannu ɗaya a karkace. Muka sake shi daki-daki. Ki matso har bidon ya shiga tsakanin ƙafafunki. Ki lanƙwasa gwiwa. Ki matse ƙasa, ki fara fitar da numfashi ta baki, ki tashi da cinyoyinki kina cikin hurawa. In za ki juya, ƙafa ce za ta juya. Kuma ba doka ba ce sai an ɗauke shi a cike, ana iya rage rabi a bokiti.

Ra'ayina tun farko shi ne atisayen darduma shiri ne kawai. Tsokar da ta iya riƙe ƙirga 10 a kwance amma ba ta tashi lokacin da ake ɗaga bido ko ake sauke tukunya daga murhu, ba ta yi wa baya komai ba. Daga yau aikin gida yana cikin lissafi: tari, bido, turmi, ɗaukar yaro daga ƙasa.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ƙaramar cikinsu, tsakuwarta ta ƙaru maimakon ta ragu, kuma ita ce ta fi kowa naci, tana yin fiye da abin da na ce. Ciwon ya sauko har ƙashin gindi, zama a kan benci yana gagarar ta, bayan gida sai da yunƙuri, kwanciyar aure kuma da zafi tun da daɗewa, sai yau ta iya faɗi. Ba ta taɓa yin ɗigon fitsari ba. Tata tsokar ba sakewa ta yi ba, a ɗaure take kullum, ba ta san hanyar sauka ba. Irin wannan ba kaɗan ba ne: a wani bincike na Kanada a 2018 kan mata masu ciwon baya da ƙugu, kashi 71 cikin 100 sun ji zafi da aka taɓa tsokar, kashi 66 kuma aka same ta da rauni. Ke nan ana iya samun ɗauri da rauni a jiki ɗaya.

Na tsayar mata da matsewa gaba ɗaya. Aikinta yanzu saki ne: ta kwanta, hannu a kan cibiya, ta ja numfashi a hankali har ciki ya tashi, ta bar ƙasan ya buɗe ya sauka da kansa. Ta durƙusa ta zauna a kan dugaduganta, ta miƙa hannuwa gaba, goshi a ƙasa, ta yi numfashi a haka. Tsugunno ma yana taimaka mata, kuma mu da muka tashi da tsugunno a madafa da bayi ba mu rasa shi ba. Ga sauran kuma na ƙara jaddada cewa hutun da ke tsakanin matsewa biyu rabin atisayen ne. Wadda ba ta ji sakin ba kada ta sake matsewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ce kowace ta zo da abin da take sha. Abin da aka zube a kan tabarma ya isa ƙaramin tebur: diklofenak, ibuprofen, wasu jajaye da shuɗɗai da ba su da kwali, daga hannun masu yawo da magani a kai, da tramol a ƙullin zanen mutum biyu. Akwai mai shan diklofenak kullum kafin ta karya kumallo, tana kuma kukan zafin ciki. Waɗannan magunguna suna rage ciwo, amma shan su kullum yana cin tumbi, yana gajiyar da ƙoda, ga mai hawan jini kuma ya fi haɗari. Tramol yana kama mutum, kuma yana busar da bayan gida, wato yana ƙara yunƙurin da muke yaƙi da shi. Masu shan sa na tura su ga likita, don ba a yanke shi farat ɗaya.

A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan ciwon baya mai daɗewa. Ta goyi bayan ilimantar da mai ciwo da tsarin motsa jiki, ta ce kada a dogara da bel ɗin kwankwaso ko jan baya da na'ura ko magunguna dangin tramol. Maganar bel ta jawo musu, don kusan kowace tana ɗaure kwankwaso da ɗankwali in za ta yi wanki. Ban hana ba. Na ce a yi wankin a kwance shi, kada a yini da shi.

Na ƙara abu uku a tsarin, domin ba na son su ɗauka tsoka ɗaya ce maganin baya: ɗaga ƙugu sama daga kwance, tashi da zama daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba, da tafiya a ƙafa da yamma, ko da daga gida zuwa ƙofar fadar Sarki ne a dawo. Wanki kuma a ɗora bahon a kan turmi da aka kife ko benci.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ƙanin wata daga cikinsu, ɗan kabu-kabu, ya tsayar da ni a hanya yana sosa ƙeya, wai ko abin na mata ne kaɗai. Maza ma suna da tsokar. Amma shi da ke yini a kan babur daga Zango zuwa Kasuwar Dole zuwa tasha, abin da bayansa ya fi bukata shi ne ya riƙa sauka yana miƙewa tsakanin fasinja da fasinja. Na ce ya same ni wurin aiki a duba shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wata 3 sun cika, an fito da faifai. Ga abin da littafin ya nuna, ba ƙari.

Wajen fitsari, canjin a bayyane yake. Galibin waɗanda suka ɗaga hannu ran farko sun ce ɗigon ya ragu sosai ko ya tsaya, kuma a tsakiyar sanyi da tari aka samu hakan. Wajen baya kuwa abin ya rabu. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu ciwon baya haɗe da ɗigo, waɗanda kuma suka canza ɗaukar bido. Mai tuwon nan ta ɗebi tsakuwa 7 a Nuwamba, yau 3, kuma ta koma sallah a tsaye. Wasu sun sauka da tsakuwa ɗaya ko biyu kawai. Hajiya, wadda ciwonta ke bin ƙafa har ɗan yatsa, tana nan inda take, na tura ta a duba jijiya. Malamar lakwal ta dawo ƙasa da inda ta fara, da saki kawai. Wasu sun daina zuwa tun Disamba, ban san halin bayansu ba, kuma ba zan lissafa su cikin nasara ba.

Ba zan ce tsokar mara ce ta yi wannan ita kaɗai ba. Mun canza abubuwa da yawa a lokaci guda, ga tafiya, ga wanki a tsaye, ga zaman Asabar ɗin kansa da mace ke samun mai sauraren ta. Binciken masana ma bai tsaya a magana ɗaya ba. A Iran a 2011 an gwada mata 20: tsokar ta yi ƙarfi, amma ciwon bai fi na waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba raguwa ba. A Sin a 2013 an bi mutum 47 na sati 24, aka ga waɗanda aka ƙara musu atisayen sun fi samun sauƙi. Duka biyun mutanen ba su da yawa. Abin da na ɗauka daga na Sin shi ne tsawon lokacin, don haka na nemi su ƙara mini wata 3. Sun yarda, da sharaɗin in daina zuwa a makare ana jirana da zubi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara. Mun mayar da zaman zuwa hantsi, don bayan La'asar kowa tana bakin murhu. Atisayen Azahar ya koma bayan asham ga masu jin kasala da rana.

Matsalar satin nan taurin bayan gida ce. Wasu da gangan suke rage shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur don kada fitsari ya dame su a asham. Fitsarin da ya yi kauri ya fi tsokanar mafitsara, bayan gida kuma yana bushewa, yunƙurin safiya ɗaya yana danna tsokar da aka yi sati ana ɗagawa. Na ce a sha ruwa kaɗan-kaɗan daga Magariba zuwa sahur, a rage shayi mai ƙarfi da dare, a sa zogale da kuɓewa da miyar kuka a abinci. A bayi kuma kada a riƙe numfashi ana turawa, a tsuguna a hura iska ta baki a jira.

Tsayuwar asham gwaji ce mai kyau. Na ce wadda bayanta ya fara ja ta zauna ta ƙarasa, ba gasa ake yi ba, ta gaya mini a raka'a ta nawa ya fara, in rubuta, mu gwada da na ƙarshen wata. Mai tuwon da malamar lakwal sun fara duba sababbin zuwa, su ke sa su ƙirga da ƙarfi, amma tambayoyin ɗaki ni ke yin su da kaina, kuma ba wadda za ta fara matsewa a gida sai na gan ta. Matan wani adashe a Garin Malam sun aiko a tambaye ni, na ce sai bayan Sallah. Faifai zai sake fitowa Asabar ta farko a watan Mayu.